Kayan jariri a ɗaki guda: yadda aikin ke tafiya a Nima

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Sallah ta wuce, baƙi sun ɗauke ƙafa, yau na samu na auna ɗakin. Tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa 10. Gado ya cinye kusan rabi, sai wadirof mai ƙofa biyu da muke rabawa ni da maigida, ƙaramin firji, da teburin talabijin. Taga ɗaya ce, tana kallon lungu. Girki a baranda nake yi. Wanda ya taɓa zaman gidan haya a unguwar Nima ko Mamobi, a Akra babban birnin Ghana, ya san wannan fasali.

Saura kamar wata guda in haihu, in Allah ya kai mu. Maganar sauya ɗaki ba ta ma taso ba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma a Akra na shekara biyu ake nema a dunƙule, kuma namu sai baɗi zai ƙare. A nan za mu zauna mu uku, ga Mma kuma za ta taso daga Kumasi ta zauna da ni har a yi arba'in.

A ƙasa babu inda za a ajiye ko kujera. Wuri uku na gani da babu kowa a kansu: bangon da ke tsakanin wadirof da ƙofa, ƙarƙashin gado, da bayan ƙofa. Kayan da ake ɗauka kullum za su hau bango, waɗanda suka yi masa yawa su shiga ƙarƙashin gado, ƙananan tarkace su koma bayan ƙofa. Na ware sidi 700, kuɗin Ghana. Kuɗin tufafin kansu ba sa ciki.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kasuwar Nima, ranar cikarta. Kwandunan roba masu huji-huji guda 4, sidi 25 kowanne. Manyan robobi masu murfi guda 2, sidi 130 kowanne. Na tafi da igiyar da na auna tsayin ƙarƙashin gado da ita, don wasu robobin suna da kyau amma ba za su shige ba. Igiyar shanya da 'yan maƙalai, sidi 20. Jimla 380.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ni da yayata muka yi sammako zuwa Kantamanto, kasuwar kayan gwanjo, don Laraba da Asabar ne ake kwance sababbin diloli, kuma wanda ya riga shi ke zaɓa. Tun gobarar farkon Janairu ban taka wajen ba. An sake kafa rumfuna da sabon katako, masu sayarwa sun dawo, amma matar da yayata ta saba saya a wurinta ta ce da bashi ta sake ɗaga jari. Ban matsa mata wajen ciniki ba.

Abin da na lura da shi, kuma zai yi mini amfani wajen jera kaya: lambar watannin da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce. Rigar da aka rubuta wa wata 0 zuwa 3 daga Ingila daban take da ta Amurka, kuma wadda aka sha wankewa ta riga ta tsuke. Yayata ta zo da singiletin da ɗanta ya sa a makon suna, muka riƙa ɗora kowace riga a kansa. Wadda ta yi daidai da shi ta shiga leda ɗaya, wadda ta ɗara shi da yatsu biyu ko uku ta shiga ta biyu, manya ta uku. Na tsaya a kan auduga zalla. Masu kyalli da masu gashi-gashi suna ɗaukar ido, amma a zafin Akra ƙuraje kawai za su jawo. Na duba kowane maɓalli, na ja shi, na ga ko zai cire.

Sidi 180 na kashe. Na hana kaina sayen ƙananan da yawa, don na san abin da ke zuwa ranar suna.

Laraba, 16 ga Afrilu

Wanki da guga. Igiyar tsakar gida ta mutum goma sha wani abu ce, sai na tashi da asuba na riga kowa. Wata maƙwabciya ta ce in shimfiɗa ƙananan a kan tabarma a ƙasa su fi saurin bushewa, na yi mata godiya ban yi ba. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kuma kan tufafi masu laima, musamman a inuwa. Tsutsar ta shiga fatar yaro ta kumbura kamar maruru. Zafin dutsen guga ne ke kashe ƙwan. Saboda haka komai sai ya sha guga ciki da waje, har safa da hula. Mitar wuta ta ji jiki, amma wannan ba wurin tsumulmula ba ne.

Asabar, 19 ga Afrilu

Maigida ya je ya gaida Alhaji mai gidan, ya nemi izinin huda bango. Ya yarda, da sharaɗin mu toshe ramukan ranar da za mu tashi. Kafinta ya zo ya auna. Katako uku, tsawon ƙafa 3, faɗin inci 10. Ya so ya yi da filawud, na ce a'a, na itacen da ake kira wawa nake so, don filawud in ya sha laima yana ɓarewa falle-falle. Katako da aiki sidi 320.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ranar Litinin ya yi alkawari, sai yau ya zo, kuma aikin bai tafi yadda aka so ba. Ƙusar kankare ta farko da ya buga, filastar bangon ta zubo kamar tafin hannu, ta biyu ta shiga amma da ya ja ta da yatsa ta fito. Bulon tsoho ne, yashi ya fi siminti yawa. Ya ce a ƙara ƙusoshi, zai riƙe. Ban yarda ba. Kantar da za ta tsaya a ɗakin da jariri ke kwana ba a kafa ta da "zai riƙe".

Maigida ya kira wani abokinsa mai na'urar huda bango. Aka huda, aka cusa 'yan robobin nan da ke riƙe sukurori, aka ɗaura ƙarafuna masu kusurwa biyu-biyu a ƙarƙashin kowane katako. Ƙarafuna da sukurori sidi 60. Na sa maigida ya ɗora bokiti cike da ruwa a kan kowace kanta, muka bar shi har la'asar. Ba ta motsa ba.

Wani canji kuma: da farko na so kantar sama ta miƙe har saman gado don a samu ƙarin wuri. Na fasa. Babu abin da zai rataya a saman inda yaro zai kwanta.

Kuɗi sun kai 760. Na riga na wuce abin da na ware, ban ma taɓa bayan ƙofa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mma ta iso jiya da yamma, da adakarta ta ƙarfe. A ciki akwai zannuwan goyo guda biyu na saƙi, majanyi, da shawul ɗin da aka ɗauke ni da shi ranar sunana. Ta adana su shekara da shekaru, babu ko huji ɗaya. Da ta buɗe murfin, warin kafur ya cika ɗakin.

A wajen awo ma'aikaciyar jinya ta sha jan kunnenmu a kan wannan. Fararen ƙwallayen nan da muke cewa kafur, sinadarin naftalin ne. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD. Gado ne, ya fi bayyana a jikin maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma. Irin wannan jariri in ya shaƙi naftalin, ko fatarsa ta sha shi daga tufafi, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, sai shawara mai tsanani ta biyo baya, wadda in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kuma naftalin ya fi narkewa a mai fiye da ruwa, ga mu da shafa wa jariri man kaɗe daga kai har ƙafa. Ba a gane yaron da ke da wannan da ido, sai an gwada jini.

Faɗa wa Mma shi ne aikin. Ta ce, "Ke 'yar nan, ku shida na raina da kayan cikin adakar nan, wanne ne ya sami wani abu?" Na ce, "Mma, Allah ne ya tsare mu, kuma ƙila babu mai wannan jinin a cikinmu. Amma wannan da ke zuwa ba mu san nasa ba." Ta yi shiru. Na san ba kafur ɗin take karewa ba, ji take kamar an ce adanar da ta yi duk shekarun nan kuskure ce. Sai na ɗauko shawul ɗin na ce da shi nake so a fito da jikanta ranar suna, don haka nake so warin ya fita sarai kafin lokacin. Nan ta sauko.

Mun kwashe ƙwallayen mun ƙulle a leda an fitar. Wanki ɗaya ba ya raba tufa da shi, don haka za a wanke, a shanya a rana da iska, a sake, har sai an kai hanci ba a ji komai ba. Adakar kanta ta koma baranda a buɗe. Ba za ta sake shiga ɗakin ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Tela ta ɗinka mini abin ratayawa na bayan ƙofa da tsohon zanena: aljihu tara, layi uku. Sidi 40. Safa, huluna, ƙananan tawul, man kaɗe, auduga. Jimla 800.

Na jera kanta. Ta ƙasa, wadda hannu ke kaiwa ko ina zaune a bakin gado: singileti da nafkin. Ta tsakiya: riguna da wanduna na farkon haihuwa. Ta sama: tawul, shawul, zannuwan goyo in sun gama shan iska. Leda ta biyu da ta uku na Kantamanto sun shiga robobi, sun tafi ƙarƙashin gado. Jakar asibiti na bakin ƙofa, da littafin awo a aljihun gaba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Alhamdu lillahi. Namiji ne, ranar Asabar 3 ga wata, jiya aka yi suna. Da shawul ɗin Mma aka fito da shi.

A makon nan kowace safiya Mma kan kai shi bakin taga ta duba farin idonsa da tafin hannunsa a hasken rana, kamar yadda aka nuna mana kafin a sallame mu. Ita da kanta ta hana wata baƙuwa lulluɓa masa mayafinta, don ta ji warin kafur a jiki.

Kayan barka kuwa, ban san ta ina zan fara ba. Dangin maigida daga Sabon Zango, ƙawayena, matan makarantar Islamiyya, 'yan uwan Mma da suka aiko daga Aboabo. Atamfofi, sabulai, famfas, da riguna tuli. Yanzu haka suna jibge a kan firji, a kan talabijin, a ƙasan gado, har a kan kantar da na jera da kyau. Maigida yana kwana a ɗakin ƙaninsa tun da Mma ta zo, da ba haka ba ban san inda zai sa ƙafa ba. Ba ni da ƙarfin taɓa komai. Abu ɗaya na roƙa: kada a ɗora ko hula ɗaya a kan katifarsa. Inda yake barci ya zauna fayau.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yayata ta zo muka tantance, ni ina kwance ina nuni. Fiye da rabin rigunan barka na farkon haihuwa ne, kowa ƙarama yake saya don ita ce mai ban sha'awa. Yaro ɗaya ba zai iya sa su duka ba kafin ya fi ƙarfinsu. Da son raina ne, da tun yau na raba wasu. Amma kyautar suna ba a fitar da ita a makon da aka kawo ta; gwaggon maigida za ta zo dubiya, idonta na kan ko an sa masa wadda ta kawo. Saboda haka na ware kwando guda na rigunan mutanen da na san za su dawo, ana sa masa su bi da bi.

Sauran sun cika robobin biyu har murfi na ƙin rufuwa. Abin da ya rage muka zuba a babbar jakar leda mai zif da kwali guda, muka tura can ƙuryar ƙarƙashin gado, jikin bangon baya. Atamfofi sun shiga wadirof, a gefen maigida.

Talata, 20 ga Mayu

Wanki kullum. Ba sabon abu. Kwandon singileti shi ke fara ƙarewa.

Laraba, 28 ga Mayu

Damina ta kankama. Kayan da aka shanya da safe har magariba ba su bushe ba, an yi ta kwashewa ana mayarwa. Maigida ya ɗaura igiya biyu a baranda can sama kusa da rufi, wata kuma a cikin ɗaki daga taga zuwa wadirof, ƙarƙashin fanka. Ta cikin ɗakin da dare kawai nake amfani da ita, kuma na nafkin ce.

Na fahimci cewa a wannan lokaci yawan kayan da ake bukata a kanta ba ya danganta da yawan abin da yaro ke ɓatawa a yini kaɗai, ya danganta da tsawon lokacin da wanki ke ɗauka kafin ya bushe. Da rani singileti takwas sun isa. Yanzu sai na ƙaro shida daga roba. Jiya an ɗauke wuta tun azahar, Mma ta hura dutsen guga na gawayi. Tana shimfiɗa farin ƙyalle a kan riga kafin ta goga saboda toka.

Talata, 3 ga Yuni

Yau ranar ɓacin rai ce. Kwana biyu ina jin wani wari-wari a ɗakin, na ɗauka na kayan da ke kan igiya ne. Da safe na sa ƙanin maigida ya jawo jakar ledar don in nemo 'yar kaftanin da aka kawo masa, saboda Sallah. Da aka zuge zif, fumfuna ce baƙa da kore a kan duk abin da ke gefen bango. Kwalin kuwa gindinsa ya jiƙe ya ruɓe, da aka ɗaga sai ya rabu biyu, kyankyasai suka watse.

Aka janye gado. Bangon baya, daga ƙasa har kusan gwiwa, a jiƙe yake, fenti ya kumbura. Bayan ɗakinmu lungu ne da ruwa ke bi ya gangara babbar gota, kuma in aka yi ruwa mai ƙarfi yana kwanciya a gindin bangon. Da rani babu alamar komai, shi ya sa da na auna ɗakin a Afrilu bangon ya yi mini lafiya lau. Robobi biyu masu murfi, da ke wuri ɗaya da jakar, ko ɗigo bai shiga ba, kayan ciki ƙamshin sabulu suke yi.

Mun fitar da komai tsakar gida, nesa da yaron. Mma ta kakkaɓe su a waje da tsohon buroshi, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Farare na auduga muka jiƙa a ruwan bilic mai rauni, muka ɗauraye sau da yawa. Masu launi muka jiƙa a ruwan zafi da ruwan khal, sannan sabulu. Ba a haɗa bilic da khal a roba ɗaya, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Na sa an yi su a bokiti daban-daban, a lokaci daban. Waɗanda tabon ya ƙi fita muka shafa musu lemun tsami da gishiri muka jira rana, wadda sai bayan azahar ta leƙo.

Riguna goma sha ɗaya sun tafi, baƙin ya ci zaren. Cikinsu har da wata shuɗiya da ƙanwar Mma ta ɗinka da hannunta. Ita ce ta fi yi mini zafi, ko sau ɗaya bai sa ta ba. Sauran da suka tsira ma ba zan sa masa ba sai sun sake shan wanki da rana da guga.

Kaftanin Sallah yana can tsakiyar jaka, bai taɓu ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Maigida ya nuna wa Alhaji bangon. Ya ce sai ruwa ya ɗauke za a yi filasta ta waje. Ba zan zauna jiran wannan ba. Gado ya matso daga bango da tsawon hannu guda, ko da yake hanyar wucewa ta ƙara tsukewa. Kafinta ya haɗa ɗan dandamali na katako mai tsayin inci 3 da robobi za su hau, iska na bi ta ƙasa, sidi 90. Roba ta uku, sidi 140, ta ƙara goma a kan na Afrilu. Bilic da khal 35. Jimla 1,065.

Daga yau kwali da jakar leda ba su da wuri a ɗakin nan. Kuma babu abin da zai shiga roba sai ya bushe ƙayau ya huce daga guga, don in aka rufe tufa da ɗumi ko laima, robar da ke hana ruwa shiga ita za ta hana shi fita. Kowace Juma'a in akwai rana za a jawo su a buɗe.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Ya sa kaftaninsa, hannun ya yi masa tsawo aka naɗe. Yau hayaƙin suyar nama ya cika tsakar gida, ban shanya komai a waje ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

An yi arba'in, Mma ta koma Kumasi da safen nan. Kafin ta tafi ta koya mini naɗe riga a maimakon ninkewa: a ninka hannuwa ciki, a naɗe daga wuya zuwa ƙasa, a tsayar a kwando. Da ina jera su bisa juna, in na zaro ta ƙasa duk sai su rushe, kuma na saman kawai ake ta sawa. Yanzu kowacce ana ganin kanta, kuma da hannu ɗaya nake zarowa yana kafaɗata. Kwandon da ke ɗaukar goma sha biyu yanzu yana ɗaukar kusan ashirin.

Adakar ta tafi da ita. Ta ce in ta isa za ta zubar da sauran kafur ɗin da ke cikin akwatunanta, don jikokin da ke zuwa mata hutu.

An yi masa allurar mako shida. A awo an ce yana hawa yadda ake so, kuma rigunansa sun riga sun gaya mini: maɓallan ƙasa sun fara ƙin haɗuwa.

Litinin, 23 ga Yuni

Ruwa, wanki, guga. Robobi lafiya.

Asabar, 5 ga Yuli

Juyin farko. Jariri kan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, kuma a shekarar farko tsawonsa na ƙaruwa da kusan santimita 25, mafi yawa a watannin farko. Ma'ana kantar nan ba za ta taɓa zama yadda na jera ta ba fiye da 'yan makonni. A ɗaki irin namu, rigar da ta yi masa kaɗan in ta kwana a kanta, wurin wadda zai sa ta tare.

Na rataya wata jakar ƙyalle a ƙusa gefen wadirof. Duk rigar da na sa masa na ga ta matse, in an wanke ba ta komawa kwando, jakar take shiga. Yau na juye jakar, na kwashe dukkan na farkon haihuwa, na hau da na mataki na biyu daga roba.

Na ƙananan na zaɓi kaɗan masu ƙwari na ajiye wa na gaba in Allah ya kawo: singileti shida, riguna shida, shawul. Sauran na wanke na goge na kai wa wata yarinya 'yar arewa da ke dako a kasuwa, wadda ke kwana a wani shago kusa da mu, cikinta ya tsufa. Wata maƙwabciya ta ce ba a bayar da kayan ɗan fari. Na tambayi Mma a waya, ta ce ita dai abin da ta sani, tufar da ke jikin wani yaro ta fi wadda fumfuna za ta ci. Waɗanda gwaggo da manyan dangi suka kawo duk ya sa su, sun gani da idonsu, babu mai ƙorafi.

Roba ɗaya ta zama rabi. Famfas ɗin da ke kan firji sun samu wuri.

Lahadi, 13 ga Yuli

Allurar mako goma. Gari ya yi sanyi-sanyi kamar yadda Akra ke yi a Yuli da Agusta. Na sauko da rigunan sanyi biyu marasa nauyi da safa zuwa kantar ƙasa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ƙura na sauka a kan kwandunan sama, daga lungu take shigowa ta taga. Na ɗaura waya a gaban kanta na rataya tsohuwar atamfa a matsayin labule, sidi 15. Na bar gefe da gefe a buɗe don iska. Jimla 1,080.

Na ga kyankyaso ɗaya a bayan aljihunan ƙofa. Maganin feshi ba zai yiwu ba a ɗakin da yake kwana. Na sauke abin na wanke, na toshe tsagar da ke gindin ƙofa da siminti kaɗan da ya rage wa maƙwabci, na kuma daina ajiye biskit a kan firji.

Lahadi, 10 ga Agusta

Jiya ya cika mako goma sha huɗu. Juyi na biyu ya fi na farko sauƙi, kafin la'asar na gama, don jakar gefen wadirof ta riga ta yi rabin aikin. Yanzu abin da ke ɗakin: kwando huɗu a kanta, duka na yanzu, roba ɗaya ta wata shida zuwa shekara, roba ɗaya ta ajiyar na gaba da zannuwa, ta uku famfas da sabulan barka da har yanzu ba su ƙare ba.

Bangon baya ya fara bushewa, amma Alhaji bai turo mai filasta ba, ga ƙaramar damina na tafe a Satumba da Oktoba. Maigida zai sake yi masa magana ranar Juma'a bayan masallaci. In ya yarda a cire daga kuɗin haya, mu za mu nemo magini da kanmu. Gado zai zauna inda yake har sai an yi.

Abin da ke gaba shi ne rarrafe. Kantar ƙasa da layin aljihun ƙasa na bayan ƙofa duk suna inda hannunsa zai kai nan da wata uku ko huɗu, kuma a aljihun nan ne man kaɗe da abin yanke farce suke. Zan mayar da su layin sama tun yanzu. Kantar ƙasa za a cire a ɗaga ta sama da ta ukun, sai in nemi abokin maigida mai na'urar huda bango. Wadirof ma ina so a ɗaure shi da bango da ƙarfe kafin yaro ya fara kama abu yana miƙewa. Na kiyasta sidi 120 duka biyun. Kafin hunturu kuma zan koma Kantamanto neman riguna masu dogon hannu na wata tara, guda huɗu kawai, sai labule mai kauri na taga saboda ƙurar Disamba.